Gambar Iyakar Malam

Na daɗe ina koyar da Turanci, har alli ya riga shekaru sa mini furfura, amma akwai darasi guda da ban taɓa tsayawa a kansa yadda ya kamata ba. Darasin "ba dole ba" ne. In na zo kansa sai in bi shi a gurguje in wuce, yara su ɗauka wuyarsa nake gudu. Ba shi da wata wuya, ni ne ma gwaninsa a ajinmu. Abin da ke kore ni daga gare shi wata gonar dawa ce a bayan Ɗansoshiya, da kuma auren Yayana da aka fasa saboda ni.

A shekarun nan da duk inda ka zauna maganar mulkin kai ake yi, ina makarantar kwana a birni. Malaminmu na Turanci dogo ne siriri. Ba ya duka, amma in ya dube ka ta saman tabarau, gara ma ya dake ka a wuce wurin. Wata rana dab da hutun damina ya ja layi biyu a allo, ya raba shi gida uku. Ya ce Bature in zai yi maka maganar aiki, ɗayan uku ne: ko ya ce dole ka yi, ko ya ce kada ka kuskura, ko kuwa ya ɗauke maka nauyin ya bar ka da zaɓinka. Na farko da na biyu, in ji shi, ko jaki ya san su, tunda da sanda ake koya masa. Na ukun ne ke ba mu wahala, don mu in an ce mana ba sai mun yi ba, wani ya ji kamar an hana shi, wani kuma ya ji kamar an raina shi.

"Ba hani ba ne, ba kuma raini ba ne," ya ce, yana ƙwanƙwasa allon. "Ka yi, ba wanda zai gode maka. Ka bari, ba wanda zai tuhume ka. Kaya aka sauke maka, shi ke nan."

Kalmar, wato "needn't", 'yar guntuwa ce, amma bakinmu ya kasa datse ƙarshenta yadda yake yi, sai muke cewa "nidin". Ya sa kowa ya kawo misali. Wani ya ce ɗan makaranta ba sai ya je rafi ɗiban ruwa ba, tunda ga famfo. Wani ya ce mai takalmi ba sai ya ji tsoron ƙaya ba. Da aka zo kaina na miƙe na gyara wuyan riga na ce, da Turanci mai kyau, ɗan makaranta ba sai ya riƙe fartanya ba. Aji ya kwashe da dariya. Malam ya ce Turancin ya yi, hankalin da ke cikinsa ne dai bai tsaya masa ba. Ya ƙara da cewa darasin yana da sauran rabi, na abin da aka riga aka aikata, sai mun dawo daga hutu.

Motar da ta ɗauko mu daga birni a Kwanar Dangora ta sauke ni. Yaya yana can gindin wata ɗorawa da jakinmu, ya zo ɗaukar mini akwati. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya ba ni shekaru masu yawa, kuma shi ne dalilin da ya sa na yi boko. Lokacin da dagaci ya aiko a ba da yaro guda daga gidanmu, Baba ya dubi Yaya ya ga fartanya, ya dube ni ya ga ɗan tsurut mai yawan zazzaɓi, sai ya ba da wanda gona ba za ta yi kewarsa ba. Tun ina ƙarami aka kai ni Bebeji wurin kawuna na yi elemantare, daga nan sai birni. Saboda haka sanin da na yi wa noma irin na baƙo ne, wanda ake kai wa fura a inuwa. Gandun gidanmu, wato gonar da muke ci daga cikinta duka, Baba da Yaya ne suke noma shi, kuma rabon da ya kamata in noma a wuyan Yaya yake. Ban taɓa jin ya yi mini gori ba. Tsokana dai kam, ba ya gajiya da ita.

"Ɗan boko, me aka koya muku bana ban da cin tuwo da cokali?"

Na koya masa "nidin" a kan hanya, na yi masa bayaninta tiryan-tiryan kamar ni ne na ƙirƙiro ta. Ta yi masa daɗi ƙwarai. Duk inda jakin nan ya tsaya zai tsinki ciyawa sai Yaya ya daka masa tsawa, "Nidin!" Na ce masa ba haka ake amfani da ita ba, wannan ai hani ne. Ya ce jakin dai ya gane, saura ni.

Sai da muka kusa gida ya faɗa mini abin da ke cikinsa, yana kallon kunnen jaki don kada mu haɗa ido. Yana neman 'yar wani Malami a ƙauyen da ke gaba da namu. Malamin mai almajirai ne, mutum ne mai tsantseni, ana zuwa wurinsa rabon gado da sulhu. Manya sun gaisa, an kai goro an karɓa. Abin da ya rage shi ne gayya. A wajenmu a lokacin, mai neman aure yakan tara abokansa su yi wa surukinsa noma rana guda, kuma a gonar nan ake auna shi: wa ya amsa kiransa, yaya aikinsa yake, yaya yake tafiyar da mutane. Yaya ya daɗe yana zuwa gayyar wasu don ranar tasa su rama masa. An sa ranar a lokacin maimai, noma na biyu, kuma Malam ya ce in an yi ta lafiya, da kaka sai a sa ranar aure. Na taya shi murna da gaske, don ina son Yayana.

Ana gobe gayya da hantsi yana zaune yana gyara ƙotar fartanyarsa, na ce masa ni ma a nemo mini tawa. Ya kamo hannuna ya juya tafin, ya latsa shi da babban yatsa kamar mai taya gwanda.

"Wannan hannun na alƙalami ne. Ba sai ka zo ba, ƙanena. Nidin."

Inna ta ce daga madafa, "Ya faɗa maka gaskiya. Zauna ka huta, karatu ma ai noma ne." Baba ma da na kai masa ƙara cewa ya yi an ɗauke mini, in gode wa Allah.

Mutum uku, duk sun girme ni, duk sun sauke mini kayan. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni kuwa a lokacin ban ga wani babba da ya kai ni hangen nesa ba, tunda ni kaɗai ne a gidan na san sunan babban birnin Ingila. Ga shi kuma da yamma a bakin masallaci wani sa'ana ya ce wai 'yan boko ko ƙotar fartanya ba su san ta ina ake kamawa ba. Maganar nan ta ɓata mini rai. Ina da zuciya tun ina yaro, har yanzu ma da saura. Ba zan yi wa kaina ƙarya in ce son Yaya kaɗai ya tashe ni ba. Akwai shi, amma girman kai ya fi shi yawa. Ni da na ci darasin nan a aji, ni ne na fara faɗawa ramin da malamin Turanci ya nuna mana: aka ce ba sai na zo ba, na ji kamar an raina ni.

Da safe na bari suka yi gaba, na ɗauki tsohuwar fartanyar Baba na bi sawunsu. Tun daga nesa nake jin gangar noma. Gonar Malam babba ce, dawa ta kai gwiwa, ta yi shar. Samari sun jeru a gindin kunyoyi, kowa da tasa, makaɗi yana bin bayansu yana wasa wannan yana zuga wancan. Da Yaya ya hango ni sai na ga fuskarsa ta canza. Bai kore ni ba, don ba zai kunyata ni a gaban mutane ba. Ya ja ni can ƙarshen gona, ya ba ni kunya ta ƙarshe, wadda ta fi kowace gajarta, nesa da idon makaɗi da bakinsa.

"Bi a hankali," ya ce. "Ba tsere kake da kowa ba. In ka gaji ga inuwa can."

Ya koma tsakiyar fili inda ake jiransa. Ni kuwa na duƙa.

A gefen kunyar nan akwai wasu tushiyoyin ciyawa a jere, ɗaya nan, ɗaya can gaba kaɗan, har ƙarshen gona. An yanke su da rani, yanzu sun sake tofo gajeru. Na san gamba, wa bai san ta ba? Amma na san ta doguwa ta fi mutum tsawo, na kuma san ta a zanan da aka kewaye gidanmu da shi. Ban taɓa lura da ita tana 'yar guntuwa haka ba, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya ce mini da ita ake shata iyakar gona, don wannan ba abin da ake faɗa wa ɗan manomi ba ne, da shi yake tashi. Abin da na gani kawai ciyawa ce ta yi ƙarfi a gonar surukin Yayana, na ce a raina lalle masu noman farin Malam ragwaye ne. Yau za a ga aikin ɗan boko.

Gamba ba ta tuguwa da sauƙi. Saiwarta ta kama ƙasa kamar da gayya. Na sara, na haƙa, na sa hannu biyu na ja har na faɗi zaune. Tafin hannuna ya yi ƙuruje, suka fashe, ban daina ba. Duk wadda na tuge sai in kaɗe ƙasar in tara ta wuri guda don a gani. Na baje ramukan na daidaita wurin tsaf. Da jerin ciyawar ya ɓace, sai gonar Malam da ta maƙwabcinsa suka zama abu guda a idona, tunda duk dawa ce, na zarce na nome kunyoyin da ke gaba ma. Wallahi daɗi nake ji. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, ni kuwa ranar nan har rawa nake da nawa.

Rana ta take sai ga 'yan mata da ƙoren fura da ruwa. Ita yarinyar da Yaya ke nema da kanta ta ƙaraso inda nake, ta rusuna kaɗan ta miƙo mini ƙwarya tana danne dariya.

"Ashe ɗan boko ma yana gumi?"

Na buɗe baki zan rama, sai na ga idonta ya sauka a kan tarin da na yi. Dariyar ta ɗauke. Ta dubi tarin, ta dubi inda jerin yake a da, ta dube ni. Ta ajiye ƙwaryar a ƙasa ta juya da sauri, ta manta da duk wata kunya, ta nufi Yaya kai tsaye a tsakiyar maza.

Yaya ya iso a guje. Kallo ɗaya ya yi wa wurin ya ce, "Innalillahi." Ya fizge fartanyar Baba daga hannuna, ya danƙa mini tasa, ya tura ni cikin samarin da suka fara taruwa. Ban gane komai ba tukuna. Sai da wani ya raɗa mini cewa iyaka ce na tuge, kuma ba kowace iyaka ba. Malam da maƙwabcin nan sun daɗe suna saɓani a kan gefen nan, dattawa ne suka shiga tsakani suka dasa gambar da hannunsu, aka yi addu'a aka tashi.

Labari ba ya kwana a gona. Kafin a yi wata dabara sai ga maƙwabcin, wani tsoho mai faɗa, yana tafe yana ɗaga sanda. Ganga ta yi shiru.

"Jama'a ku shaida! Malam ya tara samari da kiɗa don ya cinye mini gona da rana tsaka! Ga iyaka an tuge, ga kunyoyina an nome an haɗe da nasa!"

Aka kira Malam daga gida. Ya zo ya tsaya, ya daɗe yana duban wurin, carbinsa a hannu ba ya ja. Sannan ya tambaya a hankali wa ya riƙi kunyar nan.

"Allah ya gafarta Malam, ni ne," in ji Yaya.

Samarin nan da yawansu sun ga wanda aka kai gefen. Amma mai gayya ya yi magana, kuma ɓarnar gayya ta mai gayya ce, sai kowa ya sunkuyar da kai. Tsohon ya rantse cewa wanda ya yi wannan aiki sai ya tsaya gaban alƙali, ko ɗan wane ne. Aka watse ba a sha furar ba.

A hanyar gida na ce wa Yaya zan koma in faɗa wa Malam gaskiya. Na ce ni yaro ne, ban sani ba, kowa zai gane kuskure ne. Ya tsaya ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Ka ji abin da tsohon nan ya ce. In aka kai ka gaban alƙali, makaranta za ta kore ka. Duk shekarun da na yi ina noma rabonka su tashi a banza ke nan? Ni ba abin da za a kore ni daga gare shi. Ba sai ka ce komai ba."

To, ga abin da ya fi ci mini rai a duk labarin nan. Da ya faɗi haka, sanyi na ji. Wani irin sauƙi ya sauko mini tun daga ka har ƙafa, irin wanda mutum ke ji in an ɗaga bulala aka fasa. Na yi ɗan musu na fatar baki, amma a cikina na riga na karɓa. Jiya an ce ba sai na zo ba, na zo. Yau an ce ba sai na yi magana ba, na kama bakina gam. Duk inda zaɓi ya faɗo hannuna sai na ɗauki wanda ya yi wa kaina daɗi.

A gida ban ce komai ba, amma hannuna ya faɗa. Inna ta kama shi ta duba, ta ɗauko man kaɗanya ta shafa mini, ba ta tambaye ni ba. Baba ya ga fartanyarsa a hannun Yaya, ya ga ta Yaya a nawa. Shi ma bai tambaya ba. Abin da ya ce kawai shi ne magana ta riga ta fita daga bakin babba, ƙarami ba ya ƙaryata ta.

Washegari aka taru a ƙofar dagaci. Malam, wanda a kullum shi ake shimfiɗa wa buzu a gefen dagaci in za a yi sulhu, ranar nan a ƙasa ya zauna, a wurin waɗanda ake ƙara. Almajiransa suna daga nesa suna kallo. Tsohon ya yi ta zuba, ya tono maganganun da aka binne tun ban san kaina ba. Yaya ya durƙusa ya ce Malam bai sa shi ba, bai kuma sani ba, zafin aiki ne ya ɗebe shi. Dattawa suka yi ta ba tsohon baki har ya haƙura da zancen alƙali, bisa sharaɗin Yaya ya mayar da gambar da hannunsa a gabansu, tushe bayan tushe.

Kafin a tashi dagaci ya ce, "Akwai mai sauran magana?" Ya bi jama'a da kallo, kuma na rantse idonsa ya ɗan tsaya a kaina, tunda shi ya sa aka kai ni boko ya san ni sarai. Ina tsaye a bayan Baba, na ɓoye hannuwana cikin riga. Maganar tana bakina, gajeriya ce, ba ta kai misalin da na kawo a aji tsawo ba. Na haɗiye ta. Aka shafa fatiha.

Malam bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da aka gama dashen, ya ja Baba gefe, ni kuma ina kusa na ji.

"Manomin da ya tuge gambar iyaka, ko dai bai san noma ba, ko kuwa bai san Allah ba. Ɗanka kuwa duk ƙasar nan an san ya san noma."

Baba ya sunkuyar da kai. Bayan 'yan kwanaki aka aiko wani dattijo ya ce Malam yana gaisuwa, ya ce a bar maganar nan haka, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Na ji daga baya cewa yarinyar ta gaya wa mahaifiyarta abin da ta gani, maganar ta kai kunnen Malam, ya ce mutum ya amsa laifi da bakinsa a gaban dattawa, ba zai rushe wannan da zancen cikin gida ba. In akwai wanda ya yi, ya zo ya faɗa da kansa. Wannan saƙon ma ya iso gidanmu. Na ji shi ina ɗaure akwati, na ci gaba da ɗaurewa.

Yaya bai canza mini fuska ba. Ya ci gaba da fita gandu da sassafe, sai dai ya daina waƙa in yana wasa fartanya, kuma in za shi kasuwa yakan zaga ta doguwar hanya don kada ya bi ta ƙauyen Malam. Shi ya raka ni Kwanar Dangora. Jakin ya tsaya cin ciyawa a hanya ya fi a ƙirga, bai ce masa komai ba.

Da muka koma makaranta abin ya hana ni sakat. Wata rana bayan an tashi na tsaya na taya malamin Turanci kwashe littattafai, na ce masa wai wani abokina ne a garinmu ya tuge ciyawar iyaka bisa kuskure, aka ce za a kai shi gaban alƙali, shin da ɗan makarantar nan ne za a kore shi? Ya dube ni ta saman tabarau.

"Don ciyawa? Wa zai kore shi? Ai ko alƙalin ma dariya zai yi ya ce a je a dasa. Ka ce wa abokin naka ya kwantar da hankalinsa." Ya dubi tabon da ke tafin hannuna. "Ka kuma ce masa in akwai wanda aka ɗora wa laifin, ya je ya sauke masa."

Na fito ina juya maganar. Ashe ba abin da zai same ni. Ashe abin da Yaya ya saya da aurensa, ba a ma sa shi a kasuwa ba.

A makon nan aka yi sauran rabin darasin. Malaminmu ya ce Bature yana da yadda yake faɗin abin da ba a buƙata ba kuma ba a yi ba, wannan ba asara a cikinsa. Yana kuma da yadda yake faɗin abin da mutum ya riga ya yi, ya sha wahalarsa, sannan daga baya ta bayyana cewa da ya bari ma da ba abin da zai faru. Ya ce wannan na biyun ba a faɗinsa sai aikin gama ya gama. Ya nemi misali, aji ya yi tsit, sai ya juyo wurina kamar yadda ya saba in abu ya cije. Na miƙe. Misalai biyu ne a bakina, nawa na zuwa gona da na Yaya na ɗaukar laifi, duk Turancinsu daidai, ba inda za a sa jan alli. Na kasa furta ko ɗaya. Na tsaya ƙiƙam har yara suka fara dariya, malaminmu ya ce in zauna, bai ƙara kirana ba ranar.

Da na so, da na aika. Mutanen wajenmu ba sa yankewa a birni, ana kawo gyaɗa ana komawa, saƙon baki ɗaya ya isa a ce wa mahaifin yarinyar ga mai laifi nan zuwa. Na ce a'a, irin wannan magana sai mutum ya je da kansa, in an yi hutu zan je. Na yi wa tsorona rawani na kira shi ladabi. Kafin hutun ya zo an yi kaka, an ɗaura wa yarinyar aure da wani mutumin Tudun Wada, an kai ta.

Da na sauka a Kwanar Dangora Yaya yana gindin ɗorawar nan da jaki. Ya rame kaɗan. Ya ɗora akwatin, ya ja igiya, ya tambaye ni karatu. Wannan karon bai zaga ba, ta gefen gonar Malam muka bi. An girbe dawa, fili ya yi fayau, sai gambar nan da ya dasa ta kama, ta yi tsawo ta fi mu, a jere har ƙarshen gona. Tun daga birni nake shirya abin da zan ce masa: in ba shi haƙuri, in kuma gaya masa abin da malaminmu ya ce.

Na ce, "Yaya, maganar nan ta damina..."

Ya ɗaga hannu yana murmushi. "Nidin," ya ce. Wannan karon daidai ya yi amfani da ita. Muka ɗan taka, sai ya ƙara da cewa, "Ba a kore ka ba dai, ko?"

"Ba a kore ni ba."

"To alhamdu lillahi. Ka ga ba a yi asara duka ba."

Na dubi fuskarsa, na ga da gaske yake. Abin da ya rage masa ke nan daga cikin duk abin da ya faru, cewa ya ba da nasa ya tsare nawa. In na gaya masa ba wanda ya taɓa shirin korata, na tuge masa wannan ma. Na yi shiru, kuma har yau ban san ko don shi na yi shirun nan ba ko don kaina.

Yaya ya yi aure daga baya, ya haifi 'ya'ya, wasunsu a hannuna suka yi karatu. Har ya koma ga Allah, in baƙo ya zo gidanmu yakan nuna ni ya ce, "Wannan da ƙyar muka tsare masa karatunsa." Ni kuma in ce, "Haka ne, Yaya."